Wa ya gaji Alan, wa ke da Prigorodni: musun zaure kan tarihin Ingushawa

Likita Baban Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar 23 ga Fabrairu, ranar da aka fara korar Ingushawa daga ƙasarsu a 1944, ta matso, kuma na yi wa wani abokina Ba'ingushe, wanda muka zauna ɗaki ɗaya muna karatun likita a kudancin Rasha, alkawarin zan rubuta wani abu da Hausa a kan mutanensu. Ga abin da na tsara, ku duba min kafin in sake shi:

"Ingushawa Musulmi ne da ke zaune a arewacin duwatsun Kaukasus, 'yan uwan Checheniyawa. Su ne zuriyar daular Alan ta dā. Sun shiga Rasha da son ransu a 1770. A kan ƙauyensu aka gina birnin Vladikavkaz. A 1944 Stalin ya yi musu kisan ƙare dangi, ya ba Osetiyawa ƙasarsu ta Prigorodni da ke gefen birnin, a 1992 kuma Osetiyawa suka sake korarsu."

Injiniya: Wa alaikumus salam. Likita, da girmanka, wannan ai takardar ƙara ce ka rubuta. Shekara biyar na yi a Vladikavkaz, babban birnin Osetiya ta Arewa, ƙasar Osetiyawa maƙwabtan Ingushawa. Ka karanta wa mutumin can layin nan na Alan, ko shayi ba zai sake ba ka ba.

Likita Baban Nana: To me na faɗa na ƙarya?

Malam Mai Tarihi: Ku dakata mu warware shi zare-zare, don abubuwan da Likita ya jera ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu suna da takarda da kwanan wata da sa hannu. Wasu kuma har gobe masana na ja a kansu. Laifin rubutun shi ne ya zuba su a kwano ɗaya da murya ɗaya.

Mu fara da Alan. Daular ta wanzu, babu musu. Al-Mas'udi, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya ambaci babban birninta da sunan Magas, kuma Mongol suka ci birnin wajen 1239 zuwa 1240. Sai dai abin da ya saura na harshen Alan ɗan kaɗan ne: rubutun wani dutsen kabari da aka samu a bakin kogin Zelenchuk da haruffan Girka, da wasu jimloli da wani marubucin Rumawa mai suna Tzetzes ya kawo a ƙarni na 12. Yawancin masana harshe sun karanta su a matsayin harshe na dangin Farisanci, wanda ya fi kusa da na Osetiyawa na yau. Harshen Ingush kuwa na dangin Nakh ne, shi da Checheniyanci, ba su haɗa kaka da Farisanci ba. Don haka "su ne zuriyar Alan" kai tsaye ba za ta tsaya ba.

Likita Baban Nana: Amma Malam, babban birnin Ingushetiya sunansa Magas. Na je da ƙafata.

Injiniya: Birnin da aka fara ginawa a shekarun 1990? Ni ma in na raɗa wa ɗana suna Fir'auna sai in ce dalar Masar gadonmu ce.

Malam Mai Tarihi: Injiniya, kada ka yi saurin dariya, gorin zai dawo gida. Osetiya ta Arewa ma a 1994 ta liƙa wa sunanta "Alaniya". Osetiya ta Kudu ta bi sahu da ƙuri'ar raba gardama a 2017. Karachay da Balkar, masu harshen dangin Turkanci, har yau suna kiran junansu "alan" in za su yi magana. Kowa a yankin ya tashi neman kakan nan ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, lokacin da tsohon suna ya zama hujjar mallakar ƙasa. Kuma Ingushawa ba su da hannu wofi gaba ɗaya. Daular Alan ta mulki ƙabilu da yawa, akwai wuraren tarihi na zamaninta a filayen Ingushetiya da Checheniya, kuma abu ne mai yiwuwa kakannin Ingush suna cikin talakawanta ko ma mayaƙanta. Inda tsohon Magas yake ma ba a daidaita ba, wasu sun ce Nizhni Arkhiz, wasu Alkhan-Kala kusa da Grozni babban birnin Checheniya, wasu can yamma a yankin Krasnodar.

Maman Sadiq: Wato kamar a ce mutum ya zauna ƙarƙashin sarauta, jikokinsa kuma su ce su ne gidan sarautar.

Malam Mai Tarihi: Kusan haka, Hajiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Likita ya bar abin da babu mai jayayya da su a kai. Hasumiyoyin dutse na Erzi da Egikal da Vovnushki, da tsohon cocin Tkhaba-Yerdi a kwarin Assa, duk nasu ne. Amma ya tafi aron kaka.

Likita Baban Nana: Na karɓi wannan. Zan gyara. Sauran fa?

Ɗan Damagaram: Ni inda na tsaya shi ne "da son ransu". Duk inda na ji mai mulkin mallaka ya ce an shigo masa da son rai, sai in duba bayan takardar.

Malam Mai Tarihi: Ka duba daidai. A 1770 wasu dattawan Ingush sun yi mubaya'a ga Rasha kusa da ƙauyen Angusht, kuma daga sunan ƙauyen nan ne Rashawa suka samo kalmar "Ingush". Su kansu Galgai suke kiran kansu. A 1810 aka sake wata yarjejeniya a Vladikavkaz da manyan zuriyoyi shida. Tambaya ita ce, in ta 1770 ta shigar da al'umma dukanta, me ya kawo ta 1810? Mutane ne da ba su da sarki, kowace zuriya da dattawanta, wanda ya sa hannu ya ɗaure gidansa ne kawai. A 1858 kuma aka yi boren Nazran, garin Ingushawa, da hukuma ta ce sai an tattara su a manyan garuruwa, aka murƙushe shi da bindiga. Bayan haka aka kafa sansanonin Kosak, mayaƙan Rasha masu zama a bakin iyaka, a kan ƙauyukansu, Angusht ɗin ma ta koma Tarskaya. Gwamnatin Ingushetiya ta yi bikin cika shekara 250 da haɗewa da Rasha a 2020, don haka a hukumance 1770 ce. Amma rubuta "da son ransu" ba tare da 1858 ba, rabin labari ne.

Kawu Alhaji: Ku yi min uzuri, 'ya'yana, ni tsoho ne, ban san waɗannan sunaye ba. Amma na ji an ce 'yan Ƙadiriyya ne. Gaskiya ne?

Likita Baban Nana: Gaskiya ne Kawu, da yawansu. Shehinsu Kunta-Haji ne, Bacheceniye, shi ya yaɗa ɗariƙar a tsakiyar ƙarni na 19, kuma a zamaninsa ne Musulunci ya gama kama Ingushawa, don suna cikin na ƙarshe da suka musulunta a yankin. Rashawa suka kama shi a 1864, ya rasu a tsare a 1867. Na taɓa halartar zikirinsu a wani zaman makoki. Maza suka yi da'ira suna zagayawa da gudu-gudu, suna tafi, suna buga ƙafa, suna La'ilaha illallah da ƙarfi har ƙasa na amsawa. Ban iya yarensu ba amma ban ji baƙunta ba.

Kawu Alhaji: Allahu Akbar. Ashe Sidi Abdulƙadir ya kai har can. To ai sai a goyi bayansu.

Injiniya: Kawu, a gafarce ni, nan ne nake jin tsoro. Da an ce Musulmi da Kirista sai mu ɗauki ɓangare kafin mu ji shari'ar. Osetiyawa ma akwai Musulmi a cikinsu. Masallacin da na yi ta sallar Juma'a a cikinsa yana bakin kogin Terek a tsakiyar Vladikavkaz, an gama shi a 1908, kuma sahu ɗaya nake tsayawa da Osetiyawa. Rigimar nan ta ƙasa ce da gidaje.

Bari in faɗi abin da na gani. Tsohuwar da na yi haya a gidanta, iyayenta daga ƙauyen dutse aka kwaso su a 1944 aka ce ga gida ku shiga. Ta ce mahaifiyarta ta tarar da tukunya a kan murhu da abinci a ciki, ta kwana uku ba ta taɓa ta ba. Ba su roƙa ba, hukuma ce ta rubuta sunayensu. A gidan aka haife ta, a nan ta binne iyayenta. Yanzu rubutun Likita ya ce "ya ba Osetiyawa ƙasarsu", kamar kyauta aka miƙa suka sa hannu biyu suna godiya.

Likita Baban Nana: Injiniya, tukunyar nan da mai ita. Kakar abokina tana da shekara tara a ranar. Ta ce da asuba sojojin da suka yi makonni suna kwana a gidajensu a matsayin baƙi suka buga ƙofa, suka ce a fito. Mahaifiyarta ta ɗauki buhun garin masara da Alƙur'ani, aka loda su a manyan motoci, daga nan sai taragon dabbobi. Ƙaninta ya rasu a hanya, aka ajiye shi a gefen dogo cikin ƙanƙara, ba wanka ba sallah. Da suka dawo bayan shekara goma sha uku ta nuna wa 'ya'yanta gidansu daga bakin titi, wasu na ciki. Wannan ma son kai ne in na faɗa?

Injiniya: Ban ce ƙarya ba ne. Allah Ya jiƙansu.

Malam Mai Tarihi: A nan kam ina bayan Likita, kuma ba zan raba gaskiya biyu don a ce na yi adalci ba. Korar 1944 ba ta cikin abubuwan da ake ja a kai. Beria, shugaban 'yan sandan ciki na Sobiyet, shi ne ya jagorance ta, an fara ranar 23 ga Fabrairu, kuma rahoton 'yan sandan ciki na Sobiyet da kansu ya ce an kwashe Ingushawa 91,250 da Checheniyawa 387,229 zuwa Kazakistan da Kirgistan. Ranar 7 ga Maris aka soke jamhuriyarsu ta Checheniya da Ingush. A shekarun farko yunwa da sanyi da zazzaɓin taifus suka kashe jama'a mai yawa. Ƙiyasin da aka fi kawowa daga kashi ɗaya cikin huɗu ne zuwa ɗaya cikin uku. Ranar 9 ga Janairu 1957 aka maido da jamhuriyar, amma Prigorodni ta zauna a hannun Osetiya ta Arewa.

Ɗan Damagaram: Na karanta wani wuri cewa sun haɗa kai da Jamus ne shi ya sa.

Malam Mai Tarihi: Wannan ita ce tuhumar Stalin. An yi tawaye a duwatsu ƙarƙashin Hasan Israilov tun 1940, wasu kuma sun gudu daga aikin soja, ba a ɓoye wannan. Amma Jamusawa iyakarsu garin Malgobek a 1942, ba su taɓa shiga Grozni ba, yawancin ƙasar ba ta ga sojan Hitler ba balle ta yi masa aiki. Kuma an kori jarirai da tsofaffi da 'yan jam'iyyar kwaminis, har sojojin da ke bakin daga aka cire aka tura gudun hijirar. Majalisar ƙoli ta Sobiyet da kanta ta ce korar haramtacciya ce kuma laifi ce, a Nuwamba 1989. Wanda ya kawo tuhumar Stalin a matsayin "ɗaya ɓangaren" ya koma baya fiye da gwamnatin da ta aikata abin.

Barista: In sa baki kan kalmar "kisan ƙare dangi", tunda ita ce za ta fi jawo faɗa. Likita yana da madogara. Dokar Rasha ta 26 ga Afrilu 1991 kan wanke al'ummomin da aka zalunta ta yi amfani da kalmar a cikin nassinta. Majalisar Tarayyar Turai ma ta kira korar da wannan suna a 2004, sai dai Checheniyawa ta ambata, abin da ke yi wa Ingushawa ciwo, don kullum ana haɗiye su cikin sunan 'yan uwansu. Akwai masana da ke cewa niyyar Stalin tarwatsa su ce da raba su da ƙasarsu, don haka wani suna ya fi dacewa. Shawarata, ka faɗi abin da aka yi da adadinsa, sannan ka ce wa ya kira shi da wane suna. Mai karatu ba yaro ba ne.

Ita wannan doka ta 1991 kuwa, ita ce ta kunna wutar da ta biyo baya. Ta yi alkawarin maido da iyakoki yadda suke kafin kora, ba ta faɗi yadda za a yi da waɗanda ke zaune a wurin ba. Aka kafa Jamhuriyar Ingush ranar 4 ga Yuni 1992 ba tare da an shata mata iyaka ba. Yau tsarin mulkin Ingushetiya, sashe na 11, yana cewa maido da ƙasar ta hanyar siyasa burin gwamnati ne, tsarin mulkin Rasha na 1993 kuma yana cewa ba a canza iyaka tsakanin jihohi sai da yardar ɓangarorin biyu. Kowa da takardarsa a aljihu.

Injiniya: Kuma a faɗa cewa a 1957 an ƙara wa jamhuriyar Checheniya da Ingush gundumomin Naurski da Shelkovskoi, waɗanda kafin 1944 suke cikin yankin Stavropol na Rasha. Osetiyawa na cewa an biya diyya ke nan.

Likita Baban Nana: An biya wa? Gundumomin nan suna Checheniya yau. A karɓi gonarka a ba ɗan baffanka wata, a ce an sallame ka?

Maman Sadiq: Wannan amsar ta zauna, Injiniya.

Injiniya: Ta zauna. Amma 1992 fa? "Osetiyawa suka sake korarsu", shi ke nan? Ba wanda ya mutu a ɗaya gefen?

Malam Mai Tarihi: An mutu. Alƙaluman ofishin mai gabatar da ƙara na Rasha sun ce mutum 583 aka kashe a 'yan kwanakin nan na ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, 350 Ingushawa, 192 Osetiyawa, saura wasu daban, wasu 261 kuma suka ɓace, mafi yawansu Ingushawa. Wa ya fara, nan ne kowa ke da ranar da yake fara ƙirga. Ba'osetiye zai fara daga 31 ga Oktoba, da Ingushawa ɗauke da makamai suka afka wa ƙauyen Chermen a Prigorodni. Ba'ingushe zai fara daga kwanakin baya, da motar sulke ta take wata yarinya aka kuma harbe wasu mutanensu, ko daga zanga-zangar Grozni ta 1973, ko daga 1944. A Vladikavkaz ana ce wa abin "harin Ingush", a Nazran ana ce masa share ƙabila. Amma ƙarshensa ba a ɓoye yake ba: sojojin tarayya sun shigo, kusan duk Ingushawan Prigorodni da Vladikavkaz suka bar gidajensu, aka ƙona dubban gidaje, kuma ƙungiyar Human Rights Watch a rahotonta na 1996 ta zargi sojojin Rasha da tsayawa kallo ko mara wa Osetiyawa baya. Ta kuma rubuta laifin ɓangarorin biyu, musamman garkuwa da mutane.

Yawan waɗanda aka kora ma faɗa ne. Ƙidayar 1989 ta nuna Ingushawa kusan dubu 33 a Osetiya ta Arewa, don haka Osetiyawa ke cewa ba za a kori fiye da waɗanda ke nan ba. Ingushawa na cewa sun haura dubu 60, domin an daɗe ana hana su rajistar zama a gundumar, da yawa suna zaune ba sa cikin littafi.

Ɗan Damagaram: Wato an hana ka rajista, sannan a kafa hujja da rashin sunanka.

Injiniya: Kuma a tuna dubban Osetiyawa 'yan gudun hijira daga yaƙin Jojiya na 1991 zuwa 1992 suna cikin gundumar a lokacin. Wanda aka kora daga can ya zo ya tarar ana cewa nan ma ba nasa ba ne.

Barista: Saura Vladikavkaz, kun tsallake ta.

Malam Mai Tarihi: Rashawa suka kafa sansanin a 1784, sunan ma na nufin "mallaki Kaukasus". Takardun lokacin sun ambaci ƙauyen Zaur a kusa, wanda Ingushawa ke cewa nasu ne, suna kiran birnin Buro. Osetiyawa na cewa wani nasu mai suna Dzaug ne ya fara zama, suna kiransa Dzaujikau, kuma wannan ya zama sunan birnin a hukumance daga 1944 zuwa 1954. Ku lura da shekarar farkon. Abin da ke rubuce shi ne daga 1924 birnin ya zama mazaunin gwamnatocin yankunan biyu, a 1933 aka miƙa shi ga Osetiya ta Arewa, a 1934 aka haɗe Ingush da Checheniya. Ni a karatuna hujjar Zaur ta fi ƙarfi, amma in Likita zai rubuta, ya ce "kusa da", kada ya ce "a kan".

Injiniya: Ni ban yarda ta fi ƙarfi ba, amma "kusa da" zan iya haɗiye ta.

Kawu Alhaji: Ni dai abin da ya tsaya min shi ne yaron nan da aka bari a gefen dogo. Allah Ya sa ya ceci iyayensa.

Maman Sadiq: Amin Kawu. Likita, sake rubutawa mu gani.

Likita Baban Nana: Ga shi:

"Ingushawa, masu kiran kansu Galgai, Musulmi ne a arewacin Kaukasus, harshensu ɗan uwan na Checheniyawa. Su da maƙwabtansu Osetiyawa da Karachay da Balkar duk suna danganta kansu da tsohuwar daular Alan. Yawancin masana harshe sun fi kusanta harshen Alan da na Osetiyawa. Dattawansu sun ƙulla yarjejeniya da Rasha a 1770 da 1810, sun kuma yi bore a 1858. Ranar 23 ga Fabrairu 1944 gwamnatin Stalin ta kwashe su kaf, mutum fiye da dubu 91, zuwa Asiya ta Tsakiya, inda dubbai suka mutu; dokar Rasha ta 1991 ta kira irin wannan siyasa kisan ƙare dangi. An haɗa gundumarsu ta Prigorodni da Osetiya ta Arewa, aka zaunar da wasu a gidajensu, ba a kuma maido musu da ita ba bayan dawowarsu a 1957. A faɗan 1992 an kashe mutum 583 daga ɓangarorin biyu, mafi yawa Ingushawa, aka raba dubun dubatarsu da gidajensu."

Injiniya: "Gundumarsu". Kosak ma sun zauna a can shekara kusan sittin kafin a kore su bayan juyin juya halin 1917.

Malam Mai Tarihi: A kan ƙauyukan wa aka zaunar da Kosak ɗin? Bar masa "gundumarsu", a 1944 tasu ce a takarda da kuma a ƙasa.

Injiniya: To a ƙara cewa waɗanda aka zaunar ba su suka zaɓa ba.

Likita Baban Nana: Wasunsu. Zan sa "da yawa bisa umarnin hukuma". Fiye da haka ba zan iya ba, in ba haka ba sai ka rubuta naka.

Barista: Ka tura wa abokin naka? Ina son jin abin da zai ce kan layin Alan.

Likita Baban Nana: Na fassara masa da Rashanci na tura tun kafin la'asar. Ya buɗe, alamar ta yi shuɗi. Har yanzu bai ce komai ba.